Darasi na 9: Falafel, Ƙosan Mutanen Labanan, Ba Tare da Alkama Ba

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai san mene ne falafel da dangantakarsa da ƙosai, zai gane abin da ake kira gulutin da dalilin da ya sa wasu ba sa iya cin sa, kuma zai iya soya falafel a gida da kayan da ke kusa da shi, ba tare da ko ƙwayar fulawa ta shiga ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fitowa da sassafe a cikin birnin Kano, ta Mandawari ko Yakasai ko Ƙofar Mata, ya san ƙamshin ƙosai tun kafin ya hango mai suyar. Kasko na bisa murhu, mai na ƙara, matsami na hannunta, yara sun kewaye ta da kwanuka da kofunan koko. Wannan ƙosai namu yana da ɗan'uwa a ƙasashen Larabawa, sunansa falafel. Shi ma wake ake jiƙawa, a niƙa shi ɗanye, a sa masa albasa da kayan ƙamshi, a soya cikin mai. A Bairut da Dimashƙa da Alƙahira abincin talaka ne da ma'aikaci da ɗan makaranta, kamar yadda ƙosai yake a Kano. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa guda ɗaya ne: falafel na asali ba ya bukatar garin alkama, domin abin da ke riƙe shi yana cikin waken kansa, kuma hannun da ya iya ƙosai ya riga ya ci fiye da rabin aikin. Saboda haka gidan da ke da mutumin da likita ya hana wa alkama yana da mafita a cikin madafarsa, ba sai ya dogara da abincin leda mai tsada da ake shigowa da shi daga waje ba.

Asalin falafel da zuwansa Kano

Masana tarihin abinci da dama suna danganta asalin falafel da Masar, inda ake kiransa ɗa'amiyya, ana yin sa da ful, wato waken nan mai faɗi da alhazanmu ke ci da tamis da safe a Makka da Madina. Da abincin ya shiga ƙasashen Sham sai ya sauya riga. Falasɗinawa suka fi yin sa da wani wake da Larabawa ke kira hummus, mutanen Labanan kuma sukan haɗa hummus da ful, ko su yi da hummus zalla. Waken hummus ya yi kama da gurjiya, sai dai bai kai ta girma ba, fatarsa tana da tamoji, kuma yana da ɗan tsini kamar bakin ɗan tsako. Darasin farko ke nan daga tarihin: kowace ƙasa da falafel ya sauka, da waken da ƙasar ke nomawa ta karɓe shi.

Kano ba baƙuwa ba ce ga abincin Larabawa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ke karɓar fatake daga ƙetaren Sahara, har Larabawan Turabulus da Gadamus suka zauna a Dandalin Turawa cikin birni. Kalmar alkama kanta daga Larabci muka aro ta, haka ma gurasa, wadda a yau ta zama tambarin unguwar Jakara, ba mai ce mata baƙuwa. Mutanen Labanan kuwa, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, sun yawaita ne bayan layin dogo ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Sun zauna a wajen ganuwa, a Fagge ta Kudu, suka yi ƙarfi a sayen gyaɗa da sayar da yadi a Kantin Kwari. A lokacin ana ce musu mutanen Siriya, domin Labanan ba ta sami 'yancin kanta ba sai a 1943. Har yau akwai Titin Bairut a Kano, kuma ta gidajen abincinsu ne shawarma da falafel suka isa bakin Kanawa.

A nan wani zai ce, mu da muke da ƙosai, me ya kai mu ga na wasu, alhali kayan aro ba ya rufe katara? Amsar ita ce abinci ba ya zama aro idan hannunka ya iya shi kuma gonarka na ba da kayansa. Ƙosai ma ai ya yi tafiya. A Gana ana kiransa kose, sunan da ya bi Hausawa can. Yarabawa na ce masa akara, kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun kai shi Bahiya ta ƙasar Birazil, inda ake sayar da shi a bakin titi har gobe da sunan akaraje. Wanda abincinsa ya ƙetare teku aka karɓe shi hannu bibbiyu bai kamata ya ji kunyar koyon na maƙwabci ba. Ban da haka falafel na da abin da ƙosai ba shi da shi: yana da ɓawo mai ƙaras-ƙaras, ba ya shan mai sosai idan an yi shi daidai, kuma kwaɓinsa na iya kwana a firji ba tare da ya yi tsami ba.

Mene ne gulutin?

Gulutin shi ne danƙon alkama. Mai kwaɓa gurasa ko alkaki ta san shi da hannu ko da ba ta taɓa jin sunansa ba, domin shi ne ke sa kwaɓi ya miƙe idan an ja shi, ya kuma riƙe iska ya tashi. Ana iya ganin sa da ido. A kwaɓa fulawa da ɗan ruwa ta yi tauri, a bar ta rabin awa, sannan a riƙa murza ta a hankali cikin roba mai ruwa. Ruwan zai yi fari kamar madara, sitaci ke nan yake fita. A ci gaba da sauya ruwa har ya daina fari. Abin da zai rage a tafin hannu wani ɗan curi ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai naɗewa kamar cingam, in an ja shi ya miƙe, in an sake shi ya koma. Wannan shi ne gulutin. Ana samun sa a alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Babu shi a gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, gyaɗa, riɗi, ko kowane irin wake.

Ga mafi yawan mutane gulutin abinci ne kamar kowane abinci, kuma mai lafiya ba shi da dalilin gudun sa. Amma akwai masu wata cuta da likitoci ke kira siliyak. Cikin ƙaramin hanjin ɗan Adam akwai tsiro-tsiro ƙanana kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Idan mai siliyak ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta juya ta far wa waɗannan tsiro har su shafe, abinci ya riƙa wucewa ba a amfane shi ba. Alamunta sun haɗa da gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, kasala, da tsumburewar yaro ya kasa girma. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai ya lura yaran da ke fama da cutar sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. Ya gabatar da bincikensa a 1950. Har yanzu maganinta ɗaya ne, barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Sau da yawa akan ji ana cewa wannan ciwon Turawa ne, ko kuma yayi ne na masu kuɗi. Gaskiya ne akwai masu barin alkama don yayi kawai, amma cutar kanta ba ta san launin fata ba. Ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na ɗauke da ita, da yawansu ba su sani ba. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu, a nan Afirka aka same shi: wani bincike da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya sami cutar a jikin fiye da 5 cikin 100. Sannan a dubi yadda cimarmu ta sauya. A da alkama abincin ranar biki ce da gidan sarauta, alkaki da funkaso da taliyar hannu, yau da kullum kuwa tuwon dawa ne da fura da kunu. Yanzu yaro na karyawa da burodi da shayi, ya ci taliya da rana, ya kwana da tuwon semo. Jikin da ba ya jure alkama, wanda a da ba ya haɗuwa da ita sai jefi-jefi, yau sau 3 yake cin karo da ita a yini. Wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ko jikin ɗansa ya je asibiti, kamar Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kada ya daina cin alkama kafin a gwada shi, domin barin ta na iya ɓoye cutar a gwajin.

Abin da ke riƙe falafel

Babbar tambaya ita ce, in babu danƙon alkama, me zai hana curin ya wargaje a cikin mai? Mai ƙosai ta riga ta amsa. Ba ta zuba fulawa a ƙullunta, amma ƙosanta ba ya watsewa. Sirrin yana cikin ɗanyen wake. Ƙwayar wake cike take da sitaci da furotin. Idan aka jiƙa ta aka niƙa ba tare da an dafa ba, sitacin na nan da ƙarfinsa. Da zarar zafin mai ya ratsa shi sai ya sha damshin da ke kusa da shi, ya kumbura, ya kama 'yan'uwansa, kamar yadda koko ke yin kauri idan ruwan zafi ya sauka a kan gasara. Furotin ɗin ma ya daskare kamar ƙwai a kasko. Idan kuwa an riga an dafa waken, sitacin ya gama kumbura a tukunya, ya ƙoshi da ruwa, ba sauran abin da zai kama. Wannan ne ya sa duk wanda ya yi falafel da dafaffen wake ko na gwangwani yake ganin yana narkewa a cikin mai, sai ya ruga ya ƙara fulawa don ceto shi. Fulawa a falafel faci ce kan kuskuren da aka tafka tun daga farko. Wannan dalilin ne kuma ya sa waken suya bai dace ba, domin mai da furotin ne suka yi masa yawa, sitacinsa kaɗan ne.

Amma akwai inda falafel ya raba hanya da ƙosai, kuma a nan ne gwanar ƙosai ke bukatar ta riƙe hannunta. Ƙullun ƙosai ana markaɗa shi da ruwa ya yi sumul, a buga shi har ya ɗauki iska, a ɗiba da ludayi a zuba. Falafel ba ya son ruwa ko kaɗan, ba ya son laushi, ba a buga shi. Niƙansa ɓarza ce, ya fito tsaki-tsaki kamar na dambu. Ɓarzar ce ke barin ƙananan ƙofofi da tururi ke bi ya dafa cikin, ita ce kuma ke ba ɓawon ƙaras-ƙaras. In ya yi laushi kamar ƙullun alale, falafel zai fito da nauyi, cikinsa ya cushe.

Kayan haɗi da yadda ake yi

Domin iyali mai mutum 6 zuwa 8, a tanadi busasshen waken hummus gwangwanin madara 4, wato kimanin rabin kilo. Sai albasa 1 madaidaiciya, tafarnuwa sala 6, ganyen fasli cikin hannu 1, ɗanyen ganyen kusbara cikin hannu 1, garin kamun ƙaramin cokali 2, garin 'ya'yan kusbara ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 2, barkono da masoro daidai baki, bekin soda rabin ƙaramin cokali, riɗi kaɗan, da man gyaɗa na suya. Inda ba a sami fasli ba, lawashi da ɗan na'a-na'a na iya tsayawa a madadinsa. Ganyen nan shi ke sa idan an ɓara falafel a ga cikinsa kore shar, kuma shi ke hana shi bushewa.

A tsince waken, a wanke, a zuba masa ruwa mai yawa, domin zai ninka girmansa. A bar shi awa 12 zuwa 18. A lokacin zafin bazara a sauya ruwan sau 1 ko 2 don kada ya yi tsami. Alamar ya jiƙu ita ce ƙwaya ta rabu biyu idan an matsa ta da farce, cikinta kuma babu farin gari busasshe. Daga nan a tsane shi a kwando, a baza a kan tsaftataccen ƙyalle ya sha iska har damshin bayansa ya tafi. Wannan mataki shi aka fi rainawa, kuma shi ya fi jawo asara. Ganyen ma a wanke shi tun da wuri ya tsane sarai. Sai a yayyanka albasa da tafarnuwa da ganye, a haɗa da waken, a daka a turmi kaɗan-kaɗan, ko a niƙa da injin niƙa nama na hannu. Mai bilenda ta riƙa kunnawa tana kashewa, tana turawa da cokali, kada ta yarda ta ƙara ruwa don injin ya juya. Bayan haka a zuba gishiri da kayan ƙamshi, a cuɗa da hannu. A damƙi cikin tafi a matse. In ya tsaya a cure, shatin yatsu ya fito a jikinsa, kuma ruwa bai ɗigo ba, ya yi. In yana zubewa kamar yashi, a ƙara daka. In ya yi ruwa, a barbaɗa garin shinkafa ko zallar garin wake babban cokali 1 ko 2. A rufe a ajiye a wuri mai sanyi minti 30 zuwa awa 1.

Sai an zo suya ake sa bekin soda, a narka shi da cokalin ruwa 1 a cuɗa. A riƙa ɗiban kwaɓin kamar girman goro babba, a mulmula a hankali ba tare da matsewa da ƙarfi ba, a ɗan danna ya yi faɗi, a taɓa fuskarsa a kan riɗi. Mutanen Labanan na da wani ɗan ƙarfe na musamman da suke cura shi da shi, amma tafin hannu mai ɗan damshi ya wadatar. A zuba mai ya yi zurfin da zai rufe curin, a bar shi ya yi zafi kamar digiri 175 zuwa 180. Wanda ba shi da ma'auni ya jefa ɗan gutsure: in ya nutse ya taso nan da nan yana kumfa, mai ya yi. A fara da guda 1 tak don gwaji. A zuba kaɗan-kaɗan, kada a cika kasko, domin cikawa na kashe zafin mai, mai marar zafi kuma shi ke shiga cikin falafel ya rusa shi. Kada a taɓa shi a minti na farko, sai ɓawo ya kama. Minti 4 zuwa 5 sun isa ya yi ja kamar ƙuli-ƙuli mai kyau. A tsame da matsami a zuba a kwando. Wannan awo na ba da guda 35 zuwa 40.

Miyar riɗi da abin haɗawa

A Labanan ba a cin falafel gaya. Abokin tafiyarsa wata farar miya ce ta riɗi da suke kira taratur, kuma riɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. A wanke riɗi gwangwani 1, a shanya, a soya shi sama-sama a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, kada ya yi duhu don zai yi ɗaci. A daka shi ko a niƙa har ya fitar da mai ya yi laushi, yadda gyaɗa ke yi idan za a yi ƙuli-ƙuli. A zuba ruwan lemon tsami 3, dakakkiyar tafarnuwa sala 1 da gishiri. Da farko zai ƙulle ya yi tauri, kada a tsorata. A riƙa ɗiga ruwan sanyi ana juyawa, zai saki, ya yi fari, ya koma kamar kindirmo. Su can suna naɗe falafel a cikin burodinsu mai faɗi tare da tumatir da fasli da kayan tsami. Burodin nan alkama ne, gurasarmu ma haka, don haka mai gudun gulutin ya naɗe nasa da sinasir na zallar shinkafa, ko da ganyen latas, ko ya ci da kwaɗon tumatir da kokwamba da albasa, ya kora da kunun gyaɗa.

Game da tsada da lafiya

Akwai ƙorafi mai ƙarfi cewa waken hummus ba a nan ake noma shi ba, sai a manyan kantuna, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Haka ne. Amma tarihin da ya gabata ya riga ya buɗe ƙofa, tunda Masar da ful take yi, Sham da hummus. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman farin wake, ga kasuwar Dawanau a bakin Kano, ga Rimi da Kurmi a cikin birni. Farin wake na yin falafel idan an jiƙa shi awa 4 zuwa 6 aka tsane shi sosai. Gurjiya ta fi kusa da hummus a gardi, sai dai tana da tauri, tana bukatar jiƙon kwana guda cur. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya da na Bairut ba, amma ƙamshin kamun da kusbara da tafarnuwa, wanda shi ne ran falafel, yana nan. Akwai ma wata fa'ida a barin ful: mutane da yawa a Afirka ta Yamma na da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma cin ful na iya fasa ƙwayoyin jinin wasu daga cikinsu. Wanda aka taɓa gaya wa yana da wannan lalura ya nisanci ful.

Wani kuma zai ce ai soyayyen abu ne, ina lafiya a ciki? Rashin gulutin ba ya mayar da abinci magani, wannan gaskiya ne. Falafel na da furotin da sinadarin ƙarfe da dusa mai taimakon hanji, abubuwan da mai siliyak ke matuƙar bukata, amma mai ya shige shi. Wanda likita ya ce ya rage maiƙo yana da hanya: ya daɗa danna curin ya yi faɗi, ya shafa ɗan mai a tandar waina, ya gasa a wuta kaɗan yana juyawa har kowane ɓangare ya yi ja kuma cikin ya nuna.

Inda alkama ke ɓuya

Ga mai siliyak, rashin zuba fulawa bai isa ba. Ƙa'idar duniya ta ce ba a kiran abinci marar gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wato ɓurɓushin da ido ba ya ko lura da shi na iya ƙetare iyaka. A gidajenmu alkama na ɓuya a wurare sanannu. Injin unguwa da ya niƙa alkamar wani kafin naki yana riƙe da gari a haƙoransa. Man da aka soya fanke ko cincin ko funkaso a ciki ya riga ya gurɓata. Rariya da muciya da turmin da ake aikin alkama da su na riƙe gari a tsaguwarsu. Garin ɗanwake na kasuwa sau da yawa da fulawa a ciki, don haka ba a gyara kwaɓin falafel da shi. Wasu masu waina da sinasir sukan ƙara fulawa a ƙullu, wasu dunƙulen miya da garin yaji na leda ma akwai alkama a ciki. Nan ne karatun da kuke yi a wannan aji ke zama garkuwa, domin wanda ya iya karanta bayan leda ba ya ci da ka. A ware wa marar lafiya mansa da rariyarsa da cokalinsa, a fara soya nasa kafin na kowa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci 3 tsakanin ƙullun ƙosai da kwaɓin falafel.
2. Me ya sa falafel ɗin dafaffen wake ke wargajewa a cikin mai?
3. Lissafa hatsi 5 da ba su da gulutin, da abinci 5 na Kano da ke da shi.
4. Me ya sa bai kamata mutum ya daina cin alkama kafin gwajin likita ba?
5. In gwangwani 4 na ba da falafel 40, guda nawa gwangwani 10 za su bayar?

Aikin gida

Ku kasu rukuni 3. Rukuni na farko ya yi falafel da farin wake, na biyu da gurjiya, na uku da waken hummus in an samu. Kowane rukuni ya rubuta awon kayansa, da kuɗin da ya kashe, da yawan abin da ya samu, a kawo aji mako mai zuwa a ɗanɗana, a kwatanta, a kuma lissafa ko zai yi sana'a, musamman a watan azumi lokacin buɗa baki. Gani ya kori ji. In kuma a gidanku ko maƙwabtanku akwai yaron da ke fama da gudawa da rama da kumburin ciki ba a san dalili ba, ku ba iyayensa shawara su kai shi asibiti a duba shi. In likita ya hana shi alkama, ku koya wa mahaifiyarsa abin da kuka koya a yau, domin yaron ya zauna cikin 'yan'uwansa ya ci ya ƙoshi kamar kowa.